Wutar Funtua da Malumfashi: Lokaci ya yi da KEDCO zai sa taswirar layukansa a wayar kowa

A yau matashi a Funtua yana iya buɗe WhatsApp ya tura wa abokinsa daidai wurin da yake tsaye, abokin ya biyo shuɗin ɗigon da ke kan taswira har ya iske shi a bakin kasuwa. Amma idan wuta ta kwana uku ba ta zo unguwarsu ba, wayar nan ba za ta iya gaya masa ko wane layi ne ya faɗi ba, ko a ina ya faɗi, ko gida nawa abin ya shafa. Sai dai ya jira jita-jitar majalisa: wani ya ce taransifoma ce ta ƙone, wani ya ce iska ce ta kayar da falwaya, wani kuma ya ce daga sama aka rage lodi.

Akwai fasahar da za ta amsa waɗannan tambayoyi, kuma ta daɗe a duniya. Sunanta GIS. Ya kamata kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO, wanda ke kula da jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin PHCN a watan Nuwamba na 2013, ya mayar da ita ginshiƙin aikinsa a yankin Karaduwa. Ya kamata kuma ya buɗe wani ɓangare nata yadda duk mai biyan kuɗin wuta zai gani a wayarsa.

Mene ne GIS?

GIS tsari ne da ke haɗa taswira da rumbun bayanai. A taswirar takarda, taransifoma ɗigo ce kawai. A cikin GIS kuwa, da an taɓa ɗigon sai bayanai su fito: ƙarfinta, shekarar da aka kafa ta, ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe, layin da ke ba ta wuta, da jerin gidaje da shagunan da ke shan wuta daga gare ta. Ana jera bayanan hawa-hawa. Hawa ɗaya na tituna ne, wani na gidaje, wani na turakun wuta, wani na wayoyi, wani na mita. Mai aiki yana kunna wanda yake so ya kashe wanda ba ya buƙata.

Asalin fasahar ma daga harkar gona ta fito. A shekarun 1960 ne Roger Tomlinson ya jagoranci gina tsarin GIS na farko a Kanada, domin gwamnatin ƙasar ta san wace ƙasa ce ta dace da noma, wace ce ta dace da daji. A wancan lokacin sai da manyan kwamfutoci masu cika ɗaki. Yanzu manhajar QGIS kyauta ce ga duk mai kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma manhajoji irin su QField da KoboCollect suna aiki a wayar Android ko babu data. Na'urar GPS da ke cikin waya mai matsakaicin farashi tana iya nuna wuri da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba idan ana fili, kuma hakan ya isa a bambanta wannan falwaya da waccan.

Hanyar da wuta ke bi kafin ta iso soket

Kafin a ga amfanin taswira, sai an san tafiyar wutar. Kamfanin TCN ne ke ɗauko ta daga tashoshin samar da ita a kan manyan layuka. A Funtua akwai tashar TCN da ke kan layin kilobolt 132 wanda ya taso daga Zariya ya wuce Gusau, kuma a nan ake sauke wutar zuwa kilobolt 33. Daga nan aikin KEDCO ya fara. Layukan kilobolt 33 da na 11, waɗanda ma'aikata ke kira fida, su ne ke bazuwa cikin gari da ƙauyuka. Kowane fida yana ɗauke da taransifomomi da yawa, kowace taransifoma kuma tana sauke wutar zuwa ƙarfin da gida ke amfani da shi.

Tsarin kamar bishiya yake: gindi, manyan rassa, ƙananan rassa, sannan ganye. Idan aka san wane ganye ke kan wane reshe, to duk lokacin da gidaje goma suka yi ƙorafi, kwamfuta za ta iya nuna reshen da suka haɗu a kai, a tura ma'aikata can kai tsaye. Idan ba a sani ba, sai motar gyara ta bi layi turke bayan turke, ma'aikata na ɗaga kai suna duba inda waya ta tsinke.

A birni mai cunkoso irin Kano layuka gajeru ne. A kudancin Katsina kuwa, mazaɓar sanata ɗaya ta ƙunshi ƙananan hukumomi 11: Funtua, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Faskari, Sabuwa, Ƙafur, Malumfashi, Ƙanƙara, Musawa da Matazu. Layuka suna ratsa gonaki da fadamu da daji na tsawon kilomitoci kafin su kai gari na gaba. Da farkon damina, lokacin da hadari ke zuwa da iska mai ƙarfi, turke ɗaya da ya faɗi a tsakiyar gona ya isa ya jefa garuruwa cikin duhu. Kwanakin da ake ɓatawa wajen neman wurin da matsalar take, kwanaki ne da taswira za ta iya ragewa.

Inda taswira ke taɓa aljihu

Tun 2020 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta raba masu amfani da wuta rukuni biyar bisa yawan awannin da aka yi alkawarin ba su a rana. Band A awa 20 ne aƙalla, Band B awa 16, Band C awa 12, Band D awa 8, Band E kuma awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, rukunin mutum ya dogara ne ga fidan da gidansa ke kai. Ba a duba girman gida ko arzikin mai gida.

Ke nan kuɗin da mutum zai biya ya rataya ne a kan bayani ɗaya da ke cikin kwamfutar kamfani: wannan gida, wannan taransifoma, wannan fida. Idan aka rubuta gida a kan fidan da ba nasa ba, mai gidan zai iya biyan farashin awa 20 yana samun awa 8. Irin wannan kuskure yana da sauƙin faruwa, domin idan layi ya lalace ma'aikata kan mayar da unguwa kan wani layin na wucin gadi, kuma ba lallai ne a koma a gyara rubutu ba.

Haka abin yake ga marasa mita. A watan Fabrairu na 2020 NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a iya rubuta wa mai bil na ƙiyasi, bisa abin da masu mita na yankinsa ke sha. A farkon 2024 hukumar ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 kimanin naira biliyan 10.5 saboda ƙetare wannan iyaka. Ana wallafa jerin iyakokin, amma dogayen sunayen fida ne a cikin takardun PDF. Sunan fida ba ya nuna inda ya fara da inda ya ƙare. Mai shago a Malumfashi da zai buɗe taswira, ya taɓa unguwarsu, ya ga sunan fidansa da rukuninsa da iyakar bil ɗinsa na wannan wata, ya samu hujjar da zai riƙe ya tafi ofis da ita. Shi ma ma'aikacin da ke karɓar ƙorafi ya huta da gardama, tunda abu ɗaya suke kallo.

Taransifoma da al'adar karo-karo

Kusan kowace unguwa a Arewa ta san yadda ake yi idan taransifoma ta ƙone. A kafa kwamiti, a yanka wa kowane gida kuɗi, a nemi ɗan siyasa ya cika. NERC ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfani ne, kuma idan jama'a za su zuba kuɗinsu, sai an yi yarjejeniya a rubuce kan yadda za a mayar musu. Duk da haka karo-karo bai daina ba, domin wanda ke cikin duhu ba ya iya jiran doka.

Taransifoma ba ta cika ƙonewa haka kawai ba. Sau da yawa lodi ne ya fi ƙarfinta. An kafa ta lokacin da unguwa ke da gidaje kaɗan, yanzu an yi sababbin gine-gine, an buɗe shagon walda, an kawo injin niƙa biyu da na'urar yin ƙanƙara. Wani lokacin kuma layuka ukun da ke fita daga cikinta ne ba su daidaita ba, ɗaya ya ɗauki gidaje da yawa, sauran biyun suna hutawa. Idan kowane gida da kowane inji yana maƙale da taransifomarsa a taswira, injiniya zai ga wadda ta kusa cika tun kafin ta fara yoyon mai, ya rage mata kaya ko ya nemi a ƙara wata. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Taswira tana kuma taimaka wa kamfani wajen kama asara. Misali, idan mitar da ke jikin taransifoma ta nuna yunit 10,000 sun fita a wata, amma jimillar abin da aka rubuta wa gidajen da ke kanta 6,000 ne, to an san inda za a nemi sauran 4,000: ko tsofaffin wayoyi ne ke zubar da wuta, ko akwai masu ja ta ɓarauniyar hanya, ko akwai gidajen da ba sa cikin rajista. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai an san gidajen da ke kan taransifomar. In ba haka ba, asarar takan koma kan masu gaskiya ta hanyar bil na ƙiyasi.

Yankin da ke ciyar da jama'a

Funtua da Malumfashi suna tsakiyar yankin masara da dawa da waken suya da auduga. Funtua gari ne na masaƙa da injinan gurzar auduga, kuma a 2024 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta sauke kaya a garin. Kasuwannin hatsi na Ɗandume da Bakori suna jawo 'yan kasuwa daga nesa. Ɗanja ta yi suna wajen rake da tumatir. Duk waɗannan suna buƙatar wuta: casa, niƙa, gurza, ban ruwa, da sanyaya kayan gwari kafin su ruɓe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk awar da inji ya yi a kan janareta tana cin ribar mai shi, shi kuma ya ɗora wa mai saye.

A nan ne GIS ke wuce batun gyara ya shiga batun tsari. Idan aka ɗora hawan layukan wuta a kan hawan kasuwanni, da wuraren da injinan casa suka taru, da fadamun noman rani da ke kusa da madatsun ruwa irin na Mairuwa, za a ga inda kilomita biyu na sabon layi za su amfani masu sana'a da yawa. Za a kuma ga ƙauyen da ya yi nisa da layi har ya fi dacewa a kafa masa ƙaramar tashar sola tasa. Ƙasar Kenya ta yi amfani da irin wannan tunani a shirinta na kai wuta gidaje da ta fara a 2015, inda aka fara da gidajen da ke cikin tazarar mita 600 daga taransifomar da ke akwai. Doka mai sauƙi ce, amma ba ta aiki sai an san mazaunin kowace taransifoma da kowane gida.

Tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, wannan bayani ya zama abin da gwamnatin Katsina ma ke buƙata. Jihar da ke son jawo masu zuba jari a harkar sola dole ta iya nuna musu inda layi ya tsaya da inda jama'a suke.

An taɓa yin irinsa a Arewa

Masu cewa aikin ya fi ƙarfin yankin su tuna da yaƙi da cutar shan inna. Daga wajajen 2012 aka zana taswirar ƙauyuka da rugage na jihohin Arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu GPS domin a ga inda suka taka da inda suka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa da ke da cibiya a Kano tana cikin waɗanda suka gudanar da aikin. An gano matsugunan da ba sa cikin tsofaffin taswirorin da aka zana da hannu. A watan Agusta na 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Falwaya ta fi yaro sauƙin ƙirgawa, tunda ba ta tafiya ko'ina.

A ɓangaren wuta ma an soma. Ma'aikatar lantarki ta tarayya, da tallafin Jamus da Tarayyar Turai, ta buɗe shafin Nigeria SE4ALL wanda ke nuna matsugunai da layukan wuta a kan taswira. NERC ma ta daɗe tana umartar kamfanoni su ƙidaya kadarorinsu da masu shan wutarsu. A birnin Delhi na Indiya, kamfanin Tata Power ya karɓi arewacin birnin a 2002 ana asarar sama da rabin wutar da ke shiga, ya sauko da asarar ƙasa da kashi 10 cikin 100. GIS na cikin kayan aikin da ya yi amfani da su, tare da mita da sabunta layuka.

Indiyar dai ta ba da wani darasin na gargaɗi. A shirin gyaran harkar wuta da gwamnatinta ta fara a 2008, an kashe kuɗi wajen zana layuka da masu amfani da wuta a garuruwa da yawa, amma a wurare da dama taswirar ta tsufa saboda ba a riƙa shigar da sababbin canje-canje ba. Taswirar da ba a sabuntawa tana iya fin rashin taswira illa, domin ma'aikaci zai yarda da ita ta kai shi inda ba nan ba.

Hujjojin masu ja da baya

Hujja ta farko ita ce taswira ba ta samar da wuta. Gaskiya ne. A watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da yawa sun shafe sama da mako guda cikin duhu, kuma babu taswirar KEDCO da za ta hana hakan. Amma ƙarancin wuta shi ne ma dalilin da ya sa ake buƙatar sanin inda kowane yunit ke tafiya. Mai ɗan ruwa a tulu shi ya fi kowa buƙatar sanin inda tulun ke yoyo.

Hujja ta biyu ita ce tsaro, kuma a wannan yanki ba abin wasa ba ce. Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun sha fama da 'yan bindiga, ɓarayin waya da man taransifoma kuma suna ko'ina. Buɗe wa duniya mazaunin kowace taransifoma da kowane layin da ya ratsa daji tamkar ba ɓarawo jagora ne. Maganin shi ne a raba taswirar biyu. Ta cikin gida, mai cikakken bayani, ta zauna hannun injiniyoyi. Ta jama'a ta nuna iyakar yankin kowane fida da launi, rukuninsa, awannin da ya samu jiya, da ko ana kan gyara. A ɓangaren ma'aikata kuma, taswira kariya ce: wanda ya san daidai inda waya ta tsinke zai shiga ya fito da wuri, maimakon ya wuni yana yawo a daji.

Hujja ta uku ita ce sirrin mutane. Sunan mai gida da lambar wayarsa da bashin da ake binsa ba abin bazawa ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan KEDCO kamar yadda ta hau kan banki, kuma duk wanda za a ɗauka aikin tattara bayanai dole a koya masa wannan tun ranar farko.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, KEDCO ya ba kowace falwaya da kowace taransifoma lamba da aka rubuta a jikinta da manyan haruffa, lambar da ta yi daidai da wadda ke cikin kwamfuta. Mai ƙorafi ya ɗauki hoton lambar ya tura, ba sai ya ce bayan gidan mai kusa da bishiyar dalbejiya ba.

Na biyu, kada a rufe takardar kowane aiki, ko na haɗa sabon gida ne ko na sauya layi, sai ma'aikaci ya shigar da canjin a taswira daga wayarsa yana wurin. Wannan ƙa'ida ita ce za ta hana a maimaita abin da ya faru a Indiya.

Na uku, a ɗauki matasan yankin, a horar da su, a biya su. Akwai ɗimbin masu digiri da difloma a Funtua da Malumfashi da Bakori waɗanda suka san kowane lungu, kuma jama'a za su fi sakin jiki da ɗan unguwa fiye da baƙo mai riƙe da na'ura. Aikinsu ya tsaya ga hoto da lamba da mazauni daga ƙasa. Hawa turke da taɓa waya na ma'aikatan da aka horar ne kaɗai.

Na huɗu, NERC ta wajabta wa kamfanoni wallafa iyakokin fida a taswirar da ke buɗuwa a ƙaramar waya ba tare da cinye data ba, da Hausa da Turanci. Hukumar ta riga ta umarci a riƙa bayyana awannin da layukan Band A ke samu. Manomin Ƙafur da ke Band D shi ma yana da haƙƙin sanin ko an cika masa awa 8 ɗinsa.

Su ma matasa akwai abin da za su fara tun yanzu. Duba takardar bil ko rasit na sayen yunit domin sanin rukunin da aka sa gida. Rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi na tsawon wata guda, mutum biyar ko goma a unguwa ɗaya. Sanya tituna da kasuwanni da makarantun garinsu a OpenStreetMap, inda kowa ke da damar gyarawa. Koyon QGIS, wanda sana'a ce da ake nema a ofisoshin filaye da lafiya da noma. Idan ƙorafi ya tashi, a fara kai shi sashen ƙorafi na kamfani a rubuce, in ba a warware ba a wuce zauren sauraren ƙorafi na NERC. Unguwar da ta je da lissafin awanni na kwana 30 da hoton lambar taransifomarta ta fi wadda ta je da ɓacin rai kaɗai samun a saurare ta.